Jijiyoyin Wuya Da Shanyewar Jiki

'Yan'uwana mata, a Dutse, Kiyawa ko Jahun, akan ga bakin tsohuwa ya karkace, ko hannunta ya mutu, ko magana ta sarƙe, jim kaɗan sai ta warware. Sai a ce iska ce, a kawo turare. To, gargaɗi ne, shanyewar ɓarin jiki na iya biyo baya.

Akwai manyan jijiyoyi biyu a wuya, dama da hagu, su ke kai jini ƙwaƙwalwa. Hawan jini, ciwon suga da shan taba sukan sa kitse ya taru cikinsu. In guntunsa ya ɓalle ya toshe hanyar jinin, ɓari ya shanye.

Likita yakan duba su da irin na'urar da ake yi wa masu ciki hoto. Babu allura, babu zafi, rabin awa an gama. In toshewar kaɗan ce, magani za a bayar. In ta wuce kashi 70 cikin 100, akan yi aiki.

Saboda haka, ko alamun sun wuce, a kai ta asibiti ran nan, kamar na Rasheed Shekoni a Dutse. Ke kuma 'yar makaranta, karanta wa Inna wannan.