Yadda murɗewar sarƙar furotin ke shafar ƙarkon magani a jiki

Kamar yadda mai tufka ke murɗa igiya dama ko hagu, haka gajerun sarƙoƙin furotin, waɗanda masana ke kira feftaid, suke naɗewa. Tubalan gininsu su ne amino asid guda 20, kuma 19 daga ciki suna da siffa biyu, tamkar hannun dama da na hagu.

Jikin ɗan Adam yana gini da nau'in L, wanda sarƙarsa ke murɗewa dama. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan naɗi a 1951. Idan aka yi ginin da nau'in D, sai sarƙar ta juya hagu.

Akwai kuma Aib, tubalin da ba ya cikin 20 ɗin, wanda ba shi da dama ko hagu, don haka sarƙarsa kan juya kowane ɓangare. Binciken Jonathan Clayden a Jami'ar Manchester ya nuna cewa tubali ɗaya mai ɓangare a bakin sarƙar ya isa ya karkata ta.

Muhimmancin hakan shi ne, sinadaran da ke daddatsa furotin a jiki siffa suke ganewa, kamar makulli da kwaɗo. Baƙon tubali yakan ɓatar da su, sai magani ya daɗe yana aiki.

Alal misali, sinadarin GLP-1 da jiki ke samarwa yakan lalace cikin 'yan mintoci. Maganin semaglutide da aka kwaikwaya daga gare shi yana ɗauke da Aib, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mai ciwon sukari ke yin allurarsa sau ɗaya a mako.