Kafin A Sayar Da Sa A Sayi Kwamfuta: Shawara Ga Iyayen Ɗalibai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili in ja hankalin 'yan uwana manoma da ƙananan 'yan kasuwa a kan sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof, domin ɗalibin da ya sami shiga jami'a ko kwaleji.

Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani maƙwabcina. Ɗansa ya sami gurbin karatun lauya, ya zo ya ce, "Baba, karatun nan fa ba ya yiwuwa sai da kwamfuta." Bawan Allah ya kama ɗaya daga cikin shanun hudarsa ya kai kasuwa, ya damƙa wa yaro kuɗin. Yaro ya shiga birni da abokinsa, suka dawo da wata ƙatuwa baƙa mai fitilu ja da kore, wai ita ce mai ƙarfi, ana buga gem ɗin ƙwallo a kanta ba ta gardama. Zango ɗaya ya yi suka kawo mini ita, wai batir ya lalace, ba ta kaiwa awa biyu. Na duba, lafiyarta ƙalau. Haka aka ƙera ta. Yanzu yaro a waya yake rubuta aikin makaranta, kwamfuta tana cikin akwati, uba kuma da damina ta zo sai da ya yi aron sa.

Kada iyaye su ɗauka ƙarya yara ke yi. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. In an shiga makaranta kuma, ga rajista, ga aikin da malamai ke bayarwa, ga kundin kammala karatu. Bukata dai akwai ta. Maganar ita ce, wace iri za a saya?

Abu uku mai saye ke nema: rashin nauyi, batir mai daɗewa, da ƙarfin buga gem. To, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Dalili kuwa, kwamfutar gem tana da wani inji na dabam a cikinta mai sarrafa hotuna, yawanci na kamfanin Nvidia. Wannan inji shan wuta ne da shi, in ya sha wuta sai ya yi zafi, zafin kuma sai an sa masa fanka biyu da ƙarafan sanyaya shi. Nauyin da kuke ji ke nan, kuma abin da ke shanye batir ke nan. Kamar mutum ne ya sayi tirela don kai yara makarantar allo.

Ko wanda bai yi boko ba zai iya gane bambancin. A juya bayan caja, akwai lamba da harafin W a gefenta. Ta karatu yawanci 45 ce ko 65. Ta gem kuwa daga 150 ne zuwa 230, wani lokaci har fiye. Sannan a ɗaga ta a hannu. Mai faɗin inci 14 nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne, ta gem kan haura kilo biyu, ga cajarta kamar bulo. Yaron da zai taka daga ɗakin kwana zuwa ɗakin lacca, ya wuce laburare cikin ranar bazara, kwana nawa zai yi yana goya wannan kaya?

Sai maganar wuta, wadda kowa ya san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tada janareta ya zama sai mai hali. Ƙaramar kwamfuta mai lafiyayyen batir takan yi awa biyar, shida ko fiye ana rubutu da karatu, kuma da yawa daga cikin na yanzu ƙaramar sola ta ishe su. Ita kuwa ta gem, in aka zare ta daga wuta ƙarfin nata ma raguwa yake, wato abin da aka biya kuɗi dominsa ba ya samuwa sai an kawo wuta.

Ban ce babu mai bukatar babbar ba. Mai karatun zanen gine-gine, da wasu fannonin injiniya, da mai koyon haɗa fim, suna iya bukatarta. Su ma in ba ka san gari ba saurari daka: a bari yaro ya shiga makarantar, ya tambayi malamansa da ɗaliban aji uku abin da suke aiki da shi. Amma mai karatun lauya, Hausa, Larabci, koyarwa, aikin jinya ko akanta, wallahi ƙarama ta ishe shi har ya gama.

Ga abin da nake roƙon iyaye su rubuta a takarda su riƙe, ko a Farm Centre ta Kano za su saya, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja.

Na farko, abin da ake kira RAM kada ya gaza 8. Shi ne kamar faɗin tabarmar da ake baza kaya, in ta yi ƙanƙanta aiki sai ya cushe.

Na biyu, ma'ajiyarta ta zama SSD, aƙalla 256. Tsohuwar ma'ajiya mai faifai tana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya kan iya tafiya da aikin shekara huɗu.

Na uku, kada sunan "Core i7" ya ruɗe ku, a tambayi zubi na nawa ce. Sabuwar i5 ta fi tsohuwar i7. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida, in injin Intel ne, sai zubi na 8 zuwa sama. Araha ba ta ado.

Na huɗu, in ta hannu ce, kuma ba laifi ba ne, domin irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook don aikin ofis aka yi su kuma suna da ƙwari, to a ce mai kanti ya fito da rahoton batir. Yana nuna abin da batirin ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yau. A kuma zare caja a zauna rabin awa a ga yadda yake sauka. A tabbata ba a kulle take da lambar sirrin wani kamfani ba.

Na biyar, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar, da sharaɗin mayarwa a rubuce, don gudun sayen kayan sata. Uba ya tafi da kansa, ko ya haɗa yaro da babban da ya san kan abin.

Ku kuma 'ya'yanmu ɗalibai, ba wanda ya hana ku hutawa. Ƙaramar ma tana buga ƙananan wasanni, ga kuma gidajen gem cike da gari. Amma ku tuna kuɗin nan gumin noma ne da adashin iyayenku mata. In kun gama kun kama aiki, ku sayi mai fitilu bakwai da kuɗinku, mu taya ku murna.

Allah Ya yi wa karatun yaranmu albarka, Ya rufa wa iyaye asiri, amin.

Daga wani mai gyaran waya da kwamfuta,
Jihar Kano.