Ɗaurin Talala Ba Saki Ba Ne

Tun da dokar shekarar 2019 ta mayar da Hukumar Gidajen Yari ta Najeriya Hukumar Gyaran Hali, ta kuma ɗora mata kula da hukuncin da ake yi a wajen kurkuku, gardama ba ta ƙare ba a kan mai laifin da kotu ta mayar gida bisa sharaɗi. A Tsamaye da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa, inda ta'asar 'yan bindiga ta sa kowa ke kwana da ido ɗaya, ganin irin wannan mutum a kasuwa ya isa a ce kuɗi sun yi aiki, ko kuma a haɗa shi da sulhun da ake yi da tubabbun daji, alhali abubuwan biyu ko kusa ba su haɗa hanya ba.

Abin da doka ke nufi shi ne zaman gwaji, wato kotu ta gamsu cewa an yi laifin, amma saboda ƙanƙantarsa ko shekarun mai shi ko halinsa na baya, ta jingine hukunci, ta gindaya masa sharuɗɗa na wa'adin da dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ce kada ya wuce shekara 3, wanda kuma ya karya su a komo da shi a hukunta shi kan laifin farko. Manomin Gobir ya san wannan tun kafin lauya: akuyar da aka yi wa talala da damina tana kiwo, tana zagayawa, amma iyakarta tsawon igiya, kuma turken yana nan a kafe. Haka sabon san huɗa, ba a ba shi tsakiyar gona sai an ga tafiyarsa a gefe. Asalin tsarin ma daga mai tsayawa ya faro, domin wani baduku ne a Boston ta Amurka, John Augustus, ya tsaya wa wani mashayi a kotu a 1841, ya kuma sa masa ido da kansa.

A nan gizo ke saƙa, domin talala ba ta da ma'ana in babu mai duba igiyar, jami'in Hukumar Gyaran Hali da ke zaune a Sakkwato kuwa da wuya ya san inda yaron da aka damƙa masa ya kwana a ƙauyen da mota ke tsoron shiga.

A aikin gwamnati ma haka abin yake. Ka'idojin aikin tarayya sun sa sabon ma'aikaci gwajin shekara 2 kafin a tabbatar da shi, ana iya tsawaita wa'adin ko a sallame shi in bai gamsar ba. Sai dai sabon malami yakan ɗauka takardar kama aiki ita ce ta tabbatarwa, shugabansa kuma yakan cika rahoton gwajin a zama ɗaya, ba tare da ya taɓa leƙa ajinsa ba.