Yadda Noma Da Kiwo Ke Rayar Da Ƙasa

A tsakiyar ƙasar Amurka akwai wani fili mai faɗin gaske, wanda ya miƙe tun daga Texas a kudu har cikin Kanada a arewa. Itatuwa kaɗan ne a cikinsa, iska kuwa ba ta hutawa. Ruwan da ake samu a yammacinsa bai cika kai inci 20 a shekara ba. A zamanin da, ciyawa ce ta rufe shi duka, garkunan ɓauna suna kiwo a cikinta. Sukan ci nan su wuce can, su bar kashinsu, ba sa komowa sai ciyawa ta sāke tohowa. Saiwar ciyawan nan ita ce ta riƙe ƙasa.

Da aka yi yaƙin 1914 zuwa 1918 sai alkama ta yi tsada. Manoma suka sa garma, daga baya kuma tarakta, suka kifar da ciyawa, suka shuka alkama. Shekarun farko an sami albarka ƙwarai. Amma daga 1931 fari ya sauka, ya daɗe har wajen 1939. Alkama ta mutu, ga shi babu ciyawa, ƙasa ta zauna tsirara. Iska ta yi ta kwasarta. A watan Mayu na 1934 ƙura ta kai har biranen New York da Washington. Ran 14 ga Afrilu, 1935, guguwar ƙura ta mai da rana dare a Oklahoma da Texas. Wajen eka miliyan 100 ɓarnar ta shafa, dubban magidanta suka bar gonakinsu suka yi ƙaura.

A cikin watan nan na Afrilu gwamnatin Amurka ta kafa hukumar tsaron ƙasar noma, ta sa wani masani mai suna Hugh Bennett ya shugabance ta. Aka koya wa manoma yin kunya a gicciye bisa gangare, da barin karan amfanin gona a fili, da mai da waɗansu gonaki makiyaya. Daga 1934 zuwa 1942 kuma an dasa itatuwa wajen miliyan 220 a jere don su tare iska.

Daga baya waɗansu manoma suka ƙara gaba. Akwai wani mai suna Gabe Brown kusa da birnin Bismarck a jihar Dakota ta Arewa. Ya daina kifar da ƙasa a 1993. Daga 1995 zuwa 1998 ƙanƙara da fari suka ɓata masa amfani shekara huɗu a jere, har kuɗin takin zamani ya gagare shi. Tilas ya koma ga shanunsa da shuke-shuke iri iri, sai ya ga ƙasarsa tana yin baƙi, tana shan ruwa. Ga ƙa'idodin da shi da ire-irensa suke bi:

1. Kada a yawaita tonon ƙasa, gama shi ke farfasa ta har iska ta iya ɗauka.
2. Kada a bar ƙasa tsirara. Kara da ganye su ke kare ta daga zafin rana da dūkan ruwa.
3. A haɗa iri dabam dabam. Wake da danginsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, hatsi ya amfana.
4. A bar saiwa mai rai a cikin ƙasa gwargwadon iko, domin ita ke ciyar da ƙananan halittun da ke mai da ganye taki.
5. A shigo da dabbobi, amma da tsari. A tara su wuri ɗaya kwana ɗaya ko biyu, sa'an nan a matsar da su, wurin ya huta har ciyawa ta komo.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni manomi kan roƙi Bafulatani ya kafa garkensa a gona bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki. Kowa kuma ya san geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi kyau, don gawo da damina yake zubar da ganye. A ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1984, manoma suka shiga barin kututturan itatuwa su tohu a gonakinsu maimakon sare su, har itatuwa suka komo inda dā aka share su.

Saboda haka akwai abin da ya rataya a wuyan Hakimai. Su gargaɗi talakawa su bar ƙone kara da saran gawo. Su tsare burtali kada a nome shi, gama in hanyar shanu ta toshe, taki ba ya isa gona, sai husuma. Su tara manoma da makiyaya kafin kaka a yanke ranar shigar dabbobi gona. Malaman Hakimai kuwa su rubuta abin da aka daidaita, su kuma lura da ƙauyukan da rairayi ya fara cin gonakinsu, su kai rahoto ga malamin gona tun da wuri. Ƙasar da iska ta kwashe a shekara ɗaya, jikan mai gonar ma ba lalle ya ga komowarta ba.

Allah ya ba da damina mai albarka, amin.