Daga Matameye zuwa Assamaka: Wa ya sha ruwan rijiyar da ake cewa tana gaba?

A Matameye ruwa ba ya da nisa. A kwarin Korama, inda ake noman rake da kayan lambu, akwai wuraren da mutum zai haƙa rami kaɗan ya tarar da ruwa, ya ja da ɗan gajeren guga. Yaron da ya tashi a nan ya saba da cewa in ƙishi ya kama shi, ƙauye na gaba bai wuce tafiyar sa'a guda ba, kuma babu gidan da zai yi sallama a hana shi moɗa guda.

Wannan sabon yana cikin abubuwan da ke cutar mutanen gundumar Kantche idan suka nufi arewa. Daga Matameye, wadda ke ƙasa da kilomita 100 kudu maso yammacin birnin Damagaram, mata da yara sun shafe shekaru suna kama hanyar Agadas, su wuce Arlit, su tsallaka Aljeriya neman abin kaiwa baka. A bakin dillali tafiyar mota ce. Amma mota na iya mutuwa, direba na iya sauke fasinja ya juya, jami'an Aljeriya kuma na iya maido da mutum su ajiye shi a fili. A nan tafiyar mota take komawa tafiyar ƙafa, kuma tambaya ɗaya ce ke saura: ina ruwa yake, kuma yana nan kuwa?

A ƙarshen watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Mafi yawansu 'yan yankin Kantche ne. Motoci biyu suka ɗauko su, duka biyun suka lalace. Almoustapha Alhacen na ƙungiyar Aghir In'Man da ke Arlit yana cikin waɗanda suka je suka binne su, kuma an tarar da su warwatse ƙungiya-ƙungiya, wasu iyaye mata tare da 'ya'yansu. Gwamnatin Shugaba Mahamadou Issoufou ta ayyana zaman makoki na kwana uku. A watan Yunin 2016 aka sake samun gawa 34 kusa da Assamaka, 20 daga ciki yara. Shekara guda bayan haka, mutum 44, akasarinsu 'yan Ghana da Najeriya, suka rasu da ƙishirwa a hanyar Agadas zuwa Dirkou bayan motarsu ta tsaya.

Jiyau da ganau

Kalmar da aka fi yaudarar matafiyi da ita ita ce "akwai rijiya a gaba". Sau da yawa ba ƙarya ba ce. Rijiyar tana nan. Abin da ba a faɗa ba shi ne yaushe mai maganar ya gan ta, kuma ko ya jefa guga ya ɗebo ko kuwa wucewa kawai ya yi.

Makiyaya da ke ratsa jihar Damagaram da dabbobi sau biyu a shekara ba sa karɓar irin wannan labari haka nan. In suka haɗu da wanda ya fito daga inda suka dosa, bayan gaisuwa sai tambaya: kwana nawa rabonka da wurin, garke nawa ka tarar a bakinta, da rana ta yi tsaka ruwa ne ke fitowa ko laka, gaba nawa ce igiyar. Mai garke babba yakan tura mutum a kan raƙumi ko babur ya dubo kafin a kora shanu. Fataken da ma haka suke. Madugu yana da jagaba, wanda aikinsa shi ne sanin hanya da zango da inda za a sha.

Labarin ruwa yana tsufa da sauri. Wanda ya sha daga wani tabki a watan Oktoba, bayan damina, bai san kome ba game da tabkin a watan Afrilu. A tsakanin Maris da Mayu zafi kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos, tabkuna su ƙafe su tsage, rijiyoyin gargajiya su ja baya, kuma dabbobin da a da suka rarrabu a kan tabkuna duk su taru a kan rijiya ɗaya. Wanda ya iso da la'asar yana iya tarar da an kwashe ta tun hantsi, sai ya jira dare ta sake tsattsafowa.

Sannan ba kowane ruwa ba ne iri ɗaya wajen cika alkawari. Rijiyar siminti, irin waɗanda hukumar OFEDES ta giggina a karkarar Nijar, ba ta da injin da zai lalace, amma tana iya zurfin da sai da doguwar igiya, wani wurin har da jaki ko raƙumi mai ja. Matafiyin da ya iso ba guga ba igiya zai tsaya yana leƙen ruwa daga sama. Famfon da ake tuƙawa da hannu ko ake takawa da ƙafa ruwansa ya fi tsafta, sai dai ƙarfe ɗaya ya karye a yi watanni ana jiran gyara. Foraj mai hasken rana kuwa, in tankinsa ya ƙare da dare sai gari ya waye, in ƙurar hunturu ta lulluɓe faranti ruwan ya ragu. Mai inji da gazuwal, ran da babu mai babu ruwa.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan. A wata tafiya da na yi a babur cikin bazara, an kwatanta mini famfo a wani ƙauye, har da bishiyar gawon da ke gefensa. Na tarar da gawon. Na tarar da famfon ma, an ɗaure hannunsa da waya, akuya na kwance a inuwarsa. Sa'ata ɗaya, a ƙasarmu ne, gida na kusa. A Tenere babu gida na kusa.

Taswirar waya

Matasa da yawa yanzu sun dogara da waya. Ana buɗe taswira, a ga alamar rijiya, a auna kilomita. Alamar ba ta faɗin ranar da aka sa ta, ba ta kuma faɗin ko yashi ya binne wurin. Ana iya sauke taswira a riƙe ta ba tare da intanet ba, kuma hakan yana da amfani wajen gane gabas da yamma. Amma da an yi nisa da Arlit layin waya yakan ɗauke, shi ya sa direbobin hamada suke riƙe da Thuraya, wayar tauraron ɗan'adam. Fasinja yana da haƙƙin ya tambaya ko motar da zai shiga tana da ita. Ba kasafai ake tambaya ba, don mai neman a taimaka a ɗauke shi ba ya son ya zama mai yawan bincike.

Rijiyoyin hamada da aka fi amincewa da su su ne waɗanda ake bi kullum. Ayarin gishiri da ke zuwa Bilma daga Agadas ta Fachi ya daɗe yana ya da zango a rijiyar da ke gindin shahararriyar bishiyar Tenere, wadda wata mota ta kaɓe a 1973, gangar jikinta kuma take gidan adana kayan tarihi na Yamai. Irin wannan rijiya kowane mako akwai wanda ya gan ta, labarinta sabo ne. Bayan Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, aka kuma tsananta aiki da ita daga 2016, jami'an tsaro suka riƙa sa ido a kan sanannun rijiyoyi, direbobi kuma suka koma bin hanyoyin da ke kauce musu. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta soke dokar a ƙarshen Nuwamban 2023. Sai dai ɓangaren Aljeriya yana nan yadda yake, kuma mai tsallakawa ba takarda har yanzu ta bayan gari ake bi da shi, inda babu rijiya babu mai wucewa.

Lissafin jarka

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. A wannan tafiya maganar ba karin magana ba ce kawai. Tsohon matafiyi yana lissafa guzurinsa ne kamar rijiya ta gaba ta mutu, ya riƙe abin da zai kai shi ta gabanta, ko ya maido shi wadda ya baro.

Lissafin yana da nauyi. Mutumin da ke tafiya a ƙasa cikin rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a sa'a. Lita guda kilo guda ce, jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan. Matar da ke goye da jariri, tana riƙe da hannun wani, ba za ta ɗauki wannan a cikin yashi ba. A mota ma, direba ya fi son wurin jarka ya zama wurin fasinja. Ruwan da ake ɗauka na kwanakin da aka yi alkawarin tafiya ne, ba na kwanakin jiran gyara ba.

Ko gajeriyar tafiya tana kisa. Waɗanda Aljeriya ke korowa, musamman 'yan wasu ƙasashe, ana sauke su ne a wurin da ake kira Point Zéro, kilomita kusan 15 daga Assamaka, su ƙarasa da ƙafa. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an yasar da mutum sama da 13,000 a hamada cikin wata 14. Hukumar kula da ƙaura ta IOM da ƙungiyar Alarme Phone Sahara suna fita neman waɗanda suka ɓata a tsakanin. Kilomita 15 tafiyar sa'a huɗu ce ga mai lafiya. Ga wanda ya kwana a mota ba ci ba sha, ƙawalwalniya kuma na nuna masa ruwa a inda babu, tana iya zama tafiyar yini.

In an tarar da ruwan

Samun ruwa ba ya nufin a kafa kai. Rijiyar da ake amfani da ita tana da sawu sabo, kashin dabbobi ɗanye, da danshi a gefen komi. Wadda aka ƙaurace wa, a shinshina guga na farko, don dabba na iya faɗawa ta ruɓe. Farin ɓawon kanwa a bakin rijiya yana nufin ruwan na iya sa zawo, zawo kuma a hamada ya fi ƙishin gaggawa.

Ruwa mai laka a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsafta, sannan a tafasa shi ya yi minti guda yana tafarfasa. In babu itace, ƙwayar Aquatabs tana aiki, a bi adadin da aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. Ba ta cire gishiri ko kanwa. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, amma kwalara ba ta tafi ba, ko a 2021 ta ɓarke a jihohin Damagaram da Maraɗi. Wanda ya fara jiri, fitsarinsa ya yi ja ya ragu, a kai shi inuwa, a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Masu aikin ceto sun fi saurin hango mota da su hango mutum ɗaya a cikin yashi. Shi ya sa ake shawartar wanda mota ta mutu da shi ya zauna a inuwarta da rana, sai dai in ya tabbatar da nisan ruwa da inda yake, kuma in tafiyar ta zama dole a yi ta da dare ko da asuba.

Ga ku da ke Kano, Legas, Tamanrasset ko Turai: sau da yawa ku ne ake bugo wa a ce a turo kuɗin mota, inna ko yaya za ta tafi arewa da yara. Kafin ku tura, ku nemi a ba ku dillalin a waya. Ku tambaye shi mota nawa za su tashi tare, lita nawa aka ware wa kowane kai har da yara, wace rijiya za a tsaya, da kuma ranar da shi kansa ya sha ruwanta.