Nauyin da Ke Biyo Bayan Samu

Ranar da aka ji wani matashi a Kiru ko Tudun Wada ya samu aikin gwamnati, ko an ƙara masa girma, gidansu kan cika da 'yan barka. Kafin wata ya zagayo, wayarsa ba ta hutawa: kawu na neman kuɗin taki, ƙanwa za ta biya kuɗin jarrabawa, abokin ƙuruciya ya aiko da takardu a sama masa aiki. Da dare kuwa barci ya ƙaurace masa, zuciya na raya masa: "Anya ka cancanci kujerar nan? Ko dai sa'a ce, wata rana asiri zai tonu?"

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan hali. A 1978, wasu masana biyu a Amurka, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka wallafa nazarinsu kan mata fiye da 150 masu ilimi da muƙami, waɗanda ke jin kamar yaudarar jama'a suka yi suka kai matsayinsu. Mai wannan damuwa yakan raina ƙoƙarinsa, ya ɗauki ƙaramin kuskure hujjar gazawa, ya yi ta aiki ba hutu don kada a gano shi. A wajenmu kuma ga buƙatun dangi, ga kunyar furta "ba ni da shi".

Mutumin Tiga yana da darasi a ƙofar gida. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Amma da awo ake sakinsa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura, shi ya sa yake kai manoma ƙarshen rani. Madatsar Bagauda kuwa, a ƙasar Bebeji, da ruwa ya fi ƙarfinta a daminar 1988, ɓallewa ta yi.

Haka mutum yake. Ka ware wa dangi abin da za ka iya a kowane wata, ka gaya musu iyakarsa cikin ladabi. Ka nemi wanda ya riga ka a aikin, ka tambaye shi abin da ya shige maka duhu. Ka gode wa Allah, ka kuma tuna daren da ka raba kana karatu, domin kowa ya ci zomo ya ci gudu. Idan rashin barci da faɗuwar gaba suka ɗauki makonni, a ga likita. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ku kuma 'yan uwa, kafin ku kai masa buƙata, ku fara tambayarsa yaya ya kwana.