Kwalin da ba a ƙidaya ba a takardar jirgi

Daga Nasarawo da ke Gombe zuwa teku tafiya ce mai nisa, amma injinan ban-ruwa, tayil da kayan sola da ke shagunan Gombe galibi ta ruwa suka taso daga Sin, suka sauka Apapa, Tin Can ko Onne. Riɗin da manoman jihar ke nomawa ma ta nan yake fita. Idan ruwa ya shiga kwantena, ko kaya suka zo a farfashe, wa zai biya?

Amsar tana cikin takardar shaidar lodi, wadda 'yan kasuwa ke kira bil-of-ladin. Rasit ce, shaidar yarjejeniya ce, kuma da ita ake karɓar kaya a tasha.

Tun 1926 Najeriya ke da dokar da ta ɗauko Ƙa'idojin Hague na 1924, waɗanda suka fi kare masu jirage: diyyar ƙunshi ɗaya ba ta wuce fam 100, kuma shekara ɗaya kacal ake da ita don kai ƙara. A 2005 aka mayar da Ƙa'idojin Hamburg na 1978 dokar ƙasa. Wa'adi ya koma shekara biyu, diyya kuma ta kai 835 na ma'aunin SDR na Asusun Lamuni na Duniya kan kowane ƙunshi, wato dala dubu da ɗoriya, ko 2.5 kan kowane kilo, duk wanda ya fi yawa.

To, mene ne ƙunshi? A nan gizo ke saƙar. Idan takardar ta ce kwantenar na ɗauke da kwali 400, kowane kwali ƙunshi ne. Idan “kwantena ɗaya” kawai aka rubuta, doka za ta ɗauke ta ƙunshi guda, sai dai a koma lissafin kilo. Mai tayil ba zai ji jiki sosai ba, don kayansa na da nauyi. Mai wayoyin hannu kuwa ya shiga uku.

Ƙaramin ɗan kasuwa ma matsalarsa ta fi haka. Yawanci haɗaka ake yi a cika kwantena, takardar ta fito da sunan ejan da ya haɗa kayan, ɗan kasuwar kuma ya tashi da saƙon WhatsApp da “Alhaji, kaya sun taso.” A ganina wannan ganganci ne, ko da ejan ɗin ɗan'uwa ne. Kamfanin jirgi bai san ka ba. Aƙalla ka karɓi takardar lodi ta ejan mai ɗauke da sunanka da adadin kwalayenka.

Akwai kuma gaggawa. Ɓarnar da ido ke gani, a rubuce ake sanar da ita kafin ƙarshen ranar aiki ta gaba bayan karɓar kaya. Wadda ke ɓoye, kwana 15. Tirelar da ta kwana biyar tsakanin Legas da Gombe ta riga ta ci kashi ɗaya cikin uku na wa'adin. Shari'ar kuma, bisa wata doka ta 1991, ta Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai, kuma tana da reshe a Gombe.